Ranar da Aka Ɗura wa Ladidi Kunu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya halicci tudu ya halicci gangare, ya halicci mai babur, sannan don ya jarraba mai babur ya halicci mai aro. Ku matso, ku na kan benci. Ni ne Nomau, wanda ya kafa tanti inda kura ba ta zuwa sai da rakiya, ya dafa shayi a kan dutsen da gajimare ke soshe ciki. Ban yi boko ba, allona ma akuya ce ta lashe shi tun ina yaro, amma abin da idon nan ya gani ya fi ƙarfin alƙalami. Kuma ina gaya muku tun yanzu, yau raina a ɓace yake. Wanda ya ce mini ƙarya nake, kofin nan a goshinsa zai sauka. Ilu mai shayi, ƙaro ruwan zafi, ka daina yi mini wannan kallon.

Kun dai san Ladidi, babur ɗina. Ja ce, tanki kamar kumatun amarya, in ta yi gurnani kaji na unguwa uku sai sun yi shiru. Ita nake lulluɓa wa bargo ni in rufa da buhu. To amma mutanen garin nan ba su bar ni na more ta ba. Liman ya ara, wanzami ya ara, mai unguwa ya ara. Shugabansu kuwa Mati ne, ƙanin matata Dije. Kullum da sassafe yana ƙofar gida yana sosa ƙeya.

"Yaya Nomau, ara mini Ladidi, nan da nan zan dawo."

Nan da nan ɗin Mati sai bayan la'asar. Ranar da tura ta kai ni maƙura, dawo mini da ita ya yi kujera sharkaf. Na sansana. Fitsarin akuya! Ya ɗauro akuya a kan Ladidi tun daga kasuwa, ta yi abin da ta ga dama. Na ce, "Mati, mene ne wannan?" Ya ce, "Haba Yaya, ai ruwa ne, zai bushe."

A ranar wani tsoho mai facin taya, wanda ya yawata duniya har ido ɗaya ya gaji ya rufe, ya ba ni labarin Maƙeri Tunau. Ya ce can bayan ƙasashen da direbobi ba su san su ba akwai dutse, a kansa akwai maƙeri mai ƙera wani irin makulli. In aka sa wa babur, ba mai iya tashinsa sai mai shi, ko da sarkin bokaye ne.

Na shiga gida na tsaya a gaban Dije na ce, "Ki shaida. Na rantse hannun wani ɗan Adam ba zai ƙara taɓa Ladidi ba. Na tafi neman makulli."

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam. In ka ga daddawa mai kyau ka taho mana da ita."

Na ɗaure tanti da turakunsa na ƙarfe a kariya, na sa risho da butar shayi, garin rogo da ƙuli-ƙuli, sufana da galan na fetur. Na buga kik, na murɗa totur, na bar musu hayaƙi.

Wallahi kwanakin farko na sha daɗi. Hanya ni kaɗai, ba mai cewa "Yaya." In rana ta yi sanyi in sami gindin itace, in kafa tanti, in hura risho, in zauna ina kurɓar shayi ina zagin Mati da ƙarfi, tsuntsaye na amsa mini. In na gama da Mati in koma kan liman. Ban taɓa samun lafiya irin ta lokacin ba.

Sai na faɗa Fadamar Zuzu. Sauron wurin, ba ƙari, kowane ya kai zabuwa. Ina cikin kafa turaku da magariba sai na ji wani sauti, fiiii. Na waiga, ga wani ƙato ya kafa baki a tayar baya yana zuƙe mini iska. Taya na lotsewa, shi yana kumbura, har ya zama kamar tulu ya kasa tashi. Na ce, "Kai ma aro ka zo? Iskar ma?" Na cafke shi ta wuya, na cusa bakinsa a bakin tayar, na hau ruwan cikinsa na zauna. Abin da ya zuƙa sai da ya mayar har da riba. Na liƙe hudar da ƙaro. Sauran 'yan uwansa kuwa na juya musu salansa na ba su hayaƙi, suka dinga zubowa kamar mangwaro. Kwaɗin fadamar nan har yau in sun ji ƙarar babur sai su fito su yi layi suna godiya.

Daga nan na shiga ƙasar Naɗau. Mutanen nan hanya ɗaya tak gare su, kuma suna ji da ita kamar zanen aure. Da rana ta take sai su naɗe ta kamar tabarma, wai kada ta koɗe. Ni ina na sani? Ina tafe ina 'yar waƙata, sai na ga a madubi wani abu baƙi, ya fi rumbu tsawo, yana mirginowa a bayana. Hanyar ce ake naɗowa, da ni a kanta! Na ƙure totur, naɗin na ƙara matsowa. Na ga dai za a naɗe ni da Ladidi a jingine mu a bango. Sai na taka birki, na diro, na zaro turakun tanti na bi hanyar nan da dutse ina kafe ta da ƙasa. Naɗin ya zo ya ci karo da turaku ya tsaya cak. Masu naɗin suka leƙo ta sama suna ihu.

"Kai baƙo, ka huda mana hanya!"

Na ce, "Ku gode Allah ban huda ku ba! Ana naɗe hanya da mutum a kai? Ku haka aka koya muku?"

Na tsare su da zagi har rana ta karkata, suka warware abarsu don dole, na zare turakuna na wuce. Ramukan nan da kuke gani a titi, asalinsu ke nan. Ni na fara su, sauran duk kwaikwayo ne.

To yanzu ku gyara zama, ga inda aka cuce ni. Kuma abin haushin, da murmushi aka cuce ni.

Wata la'asar na hango Dutsen Tunau can gaba, kansa na hayaƙi. Tsakanina da shi akwai wani gari kewaye da danga, sunansa Lale. Tun daga nesa na ga mutanensa sun hau danga suna ɗaga mini hannu, suna washe baki. Na ce a raina, ai na san irin wannan fara'ar, haka Mati ke yi kafin ya buɗe baki. Na kauce, na yi nisa da garin, na sami wani fili mai yashi na kafa tantina, na lulluɓe Ladidi na kwanta.

Ƙarar taɓarya ce ta tashe ni da safe, dab da kunnena. Na leƙo. Ga mace tana daka. Ga rumbu, ga kaji, ga wani yana alwala a kan igiyar tantina. Ina tsakiyar gari! Wani dogon mutum mai farin gemu da malafa ya durƙuso yana tafa hannu.

"Lale, lale da baƙonmu! Ni ne Sarkin Baƙi. An tashi lafiya? Ya gajiya?"

"Gajiyar gidanku! Wa ya kawo ni garinku?"

"Ba mu kawo ka ba, baba, garin muka kawo maka. A al'adarmu baƙo ba ya kwana a waje. In ya ji nauyin shigowa, sai mu tuge danga mu zagaye shi. Ba ka ji motsinmu ba ko? Da sanɗa muka yi."

Zan ba shi amsa ke nan idona ya faɗa kan Ladidi. Inna lillahi! An yaye mata bargo. An rambaɗa wa fitilarta kwalli. An ƙunsa wa tayoyi lalle. Ga wata tsohuwa gajera mai faɗi, wai ita Inna Yalwa, uwar baƙin garin, ta buɗe murfin tanki ta kafa mazurari, tana ɗura mata kunun gyaɗa da ludayi.

Na yi wata ƙara da ni kaina ban san ina da ita ba. "Ke tsohuwa! Me kike yi?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, kai ko tausayi babu? Dubi yadda take sha, kamar ta shekara ba ta ga abinci ba. Na sansana cikinta na ji wani ruwa mai wari, na tsiyaye shi. Na ga irinsa a galan, shi ma na zubar, na cika maka da zoɓo. A garin nan abin hawan baƙo shi ake fara ciyarwa. Naka kunun na nan tafe, kada ka yi kishi."

Na ture mazurarin, na haye Ladidi, na buga kik. Shiru. Na sake bugawa. Ta yi wani "ɓul" kamar tukunyar talge. Na miƙe tsaye na dinga bugawa da duk ƙarfina. Sai na ji gari ya ɗauki salati. Mata suka rufe ido, maza suka yo kaina suka rirriƙe ni.

Sarkin Baƙi ya ɗora hannu a ka. "Haurin baƙuwa? A cikin Lale? Ta ci abincinmu, kai kuma kana tattaka ta a gabanmu?"

"Ba hauri ba ne, haka ake tashinta, jahilan banza!"

"Haka kake tashinta kullum? Wayyo baiwar Allah!"

Ina ji ina gani wani ya zo da guduma da kurfi ya datse kik ɗin, wai ƙarfen da nake azabtar da ita ne, ya jefa a rijiya. Na zage su, na zagi dangarsu, na zagi wanda ya fara shuka gyaɗa a ƙasarsu. Duk zagin da na yi sai su ce, "Sannu baba, yunwa ce, a kawo masa kunu."

Da na lafa, Sarkin Baƙi ya kama hannuna ya kai ni bayan rumbuna. Ga wata doguwar rumfa, cike da raƙuma da jakuna da alfadarai, kowane ya yi ƙiba har ƙafafunsa sun ɓace, suna kwance ana yi musu fifita.

Ya ce, "Nan ne turken baƙi. Abin hawan da ya ci abincinmu, in rana ta faɗi bai tashi ya fita da ƙafarsa ba, to ya zaɓe mu ke nan. Sai mu riƙe shi da daraja har ƙarshen ransa. Mai shi in ya so ya tafi a ƙasa, in ya so ya zauna. Ga shi har mun share wa taka wuri, kusa da raƙumin can."

Na dubi wurin. An shimfiɗa sabuwar tabarma, an ajiye ƙwarya. Na dubi rana, ta riga ta ɗago. Jama'a, a nan na hango abin da ke jirana. Ladidi a kwance kusa da raƙumi, ana ɗura mata kunu safe da yamma har tsatsa ta cinye ta, ni kuma in koma gida a ƙasa Mati ya tare ni yana tambayar ina take!

Na koma na zaro sufana. Na sauke tanki na wanke shi. Na kwance kafireta, na tarar gyaɗa ta yi kwance a ciki, na dinga sakace ta da tsinke kaji na bina suna tsattsaga. Na goge fulogi da bakin rigata. Inna Yalwa na tsaye a kaina tana cewa, "A hankali, ɗan nan, hanjinta ne fa." Fetur kuwa, Allah ya taimake ni da wata tsohuwar ɗabi'a. Tun a gida nake ɓoye kwalba guda a aljihun 'yar-shara saboda Mati, don shi in ya ari babur har man da ke cikin gida yake arawa. Na juye ta a tanki.

Saura tashi, ga shi ba kik. Na ce ai ni ne Nomau, zan tura abata ni kaɗai. Na kama kanta na fara gudu. Yashi ne wurin, taya na nutsewa, ƙirjina na kukan tsohuwar ƙofa. Ban yi nisa ba ƙafata ta harɗe, na faɗi, Ladidi ta faɗo a kaina. Garin nan kaf ya ɗauki guɗa.

"Ta kwanta! Ta kwanta! Tana son mu!"

Na sake gwadawa, na sake faɗuwa. Na kuma, har gwiwata ta fashe. Inuwa ta yi tsawo, rana ta yi ja ta sauko kan danga. Na hango an fara kawo igiyar ado da za a ja ta zuwa rumfa.

Na zauna a yashi ina huci, na dubi hannayen mutanen nan. Hannaye ko'ina, manya-manya, duk maiƙon gyaɗa. Na tuna rantsuwar da na yi a gaban Dije. Na dubi tabarmar da ke kusa da raƙumi. Na ɗaure kayana a kariya, na miƙe na yi murmushin da ya fi ciwon haƙori zafi.

"Sarkin Baƙi, ashe ku ba ku da ladabi?"

Ya dafe ƙirji. "Mu? Me muka yi, baba?"

"Baƙuwa ta ci abincinku, za ku kai ta ɗaki ba ta zaga gari ta gaida manya ba? A garinmu abin kunya ne. Kuma Ladidi 'yar gidan mutunci ce, kamar amarya take. Ba ta taka ƙasa sai dattawa sun dafa mata baya."

Inna Yalwa ta rangaɗa guɗa. "Wayyo 'yar albarka! Na faɗa muku kunya ce ke damunta. Ku taso, ku taso!"

Suka taso, maza da mata. Na hau na ce ni zan riƙe mata kai kada ta firgita. Na murɗa makulli, na sa giya ta biyu, na damƙe kuloci. Sai na ji hannaye na sauka a jikinta, a kariya, a kujera, a madubi, wani har da shafa tanki. Kowane hannu kamar a kan idona aka ɗora shi. Na cije leɓe na ce, "Bismillah, mu fara da gidan da ke bakin ƙofa."

Suka tura. Na ce, "Ku ɗan ƙara sauri, tana jin daɗi." Suka ƙara. Na ce, "Inna, ke ce a baya, haka ake rakiyar amarya a Lale?" Tsohuwar nan ta ɗaure zane ta sa kafaɗa, wallahi sai da tayar gaba ta ɗaga. Muka taho kamar ambaliya. Dab da ƙofa na saki kuloci.

Ladidi ta yi tari. Ta kuma yin tari. Sai ta yi wata irin atishawa, guntun kunun da ya maƙale a salansa ya fita da zafinsa ya manne a gemun Sarkin Baƙi. Sannan ta yi gurnani, gurnanin nan nata na asali! Na murɗa totur, muka fice rana na taɓa ƙasa. Ina jin su a baya suna gudu suna kira, "Ta tashi! Ku dakata, ba ta karɓi guzuri ba!" Na waiga na yi musu daƙuwa da hannu biyu, saura kaɗan in faɗi.

Da ɗigon man ƙarshe na kai ƙwanƙolin Dutsen Tunau. Washegari na sami maƙerin a bakin wuta, ƙato baƙi, gashin hancinsa duk ya babbake. Na zayyana masa komai, tun daga akuyar Mati har kunun Inna Yalwa. Na ce makulli nake so, amma a fara ƙera mini kik.

Ya ƙera, ya ɗaura. Ya ɗebo wani mai da ke tsattsafowa daga tsagin dutsen ya cika mini tanki da galan. Na hau na buga. Shiru. Na buga har gumi ya jiƙa mini wando. Ko tari ba ta yi ba. Maƙerin ya zagayo, ya ɗora tafin hannunsa a bayanta ya ɗan tura. Nan take ta kama, har da rangwaɗa.

Ya yi dariya har ya zauna a kan uwar maƙera. "Dattijo, ai ta ɗanɗana hannun jama'a, ba za ta ƙara tashi da hauri ba. Makullin da ka zo nema mutanen Lale sun riga sun ba ka. Mutum ɗaya ba zai iya tashin wannan ba har abada. Ɓarawo ma sai ya zo da abokinsa."

"Har ni mai ita?"

"Kai mutum nawa ne?"

Na ce ya ƙera mini abin da zai warware wannan masifa. Ya ce shi ƙarfe yake ƙerawa, ba ya ƙera hali. Sannan ya sosa ƙeya. Wallahi irin susar Mati sak. Ya ce, "Af, tunda dai ni na tura, ɗan ara mini ita in sauka gindin dutse in ɗauko gawayi. Nan da nan zan dawo."

Abin da na gaya masa ba zai faɗu a gaban Ilu ba, yana da alwala.

Haka na juyo. Ni da na fita don in guje wa mutane, duk inda zan kafa tanti sai na nemi kusa da su, in tashi da safe in bi su da "an tashi lafiya, ya iyali," har masu naɗe hanya sai da na gaida su suka tura ni. Na iso gida baƙi wuluk, Dije ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ina daddawar?" Rantsuwa kuwa na yi kaffararta, kada wani munafuki ya tambaya.

Amma ku rubuta ku ajiye, na ci nasara. Na tafi neman babur ɗin da ba mai iya tashinsa shi kaɗai, na kuma dawo da shi. Wanda ya musa ya je ya gwada. Illa dai kowace safiya sai na tsaya a ƙofar gida ina jiran wanda zai tura ni. Kuma wa ke ƙofar gidana kullum da sassafe? To shi ke turawa. In ya tura ta kama, sai ya sosa ƙeya. Ni kuma in na hana shi yau, gobe wa zai tura?

Me ya sa kuke tsammani nake zaune a bencin nan tun hantsi ina ba ku labari kyauta? Tun safe ya ce nan da nan.

Ku yi shiru. Wannan gurnanin nata ne. Ga shi can ya shawo kwana. Ilu, idonka ya fi nawa, mene ne wancan ɗaure a bayansa mai kunnuwa?

Miƙo mini sandar nan. Mati! Mati, don gidanku, sauke ta kafin ta yi!